Yaro Mai Ƙafar Roba Zai Iya Shiga Wurin Ninƙaya?

Wata uwa daga unguwar Gwange a Maiduguri ta aiko da tambaya: ɗanta mai ƙafar roba ya matsa sai an kai shi wurin ninƙaya da Sallah, ko akwai haɗari?

Zai iya zuwa, kuma ya kamata a kai shi. Sai dai a fara leƙawa cibiyar haɗa ƙafafun roba da ke Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, wadda aka buɗe a 2020 da tallafin ƙungiyar Red Cross ta ƙasa da ƙasa. Ma'aikatanta ne za su faɗi ko ƙafar tasa na jure ruwa. Robar kanta ba ta tsoron ruwa, amma kusoshin ƙarfen ciki kan yi tsatsa, tafin kuma yakan yi santsi a jiƙaƙƙen daɓe. Shi ya sa yawanci ake cire ta a bakin ruwa, a ajiye a inuwa.

Da zarar an cire, jikin yaro kan karkata gefe guda cikin ruwa, don haka a sa masa rigar hana nutsewa, babba kuma ya tsaya kusa. In akwai ciwo ko ƙuraje a dungun, a haƙura sai ya warke.

Bayan fitowa a ɗauraye dungun da ruwa mai tsabta, a tsane shi sarai kafin a sa busasshiyar safa, domin danshi da zafin Maiduguri kan sa fata ta saɓule. Kogin Ngadda da dam ɗin Alau kuwa a guje su, saboda tsargiya.