Gwama Jerin Lambobi Biyu

Jera lambobi daga ƙarama zuwa babba aiki ne mai amfani ƙwarai, domin da shi ake gane abin da ya riga wani. Ga misali daga tarihin Daura.

Jeri na fari shi ne na shekarun da aka naɗa sarakunan Daura uku. An naɗa Sarki Abdurrahman a 1911, Sarki Muhammadu Bashar a 1966, Sarki Umar Faruk kuwa a 2007.

Jeri na biyu na tarihin ƙasa ne. An haɗa Arewa da Kudu suka zama Nijeriya a 1914, an sami 'yancin kai a 1960, an kafa Jihar Katsina a 1987.

To, yaya za a gwama su su zama jeri guda? Tun da ko wanne a jere yake, ba sai an bi su duka ana lalube ba. Sai a dubi lambar da ke gaba a ko wane jeri, a ɗauki ƙaramar, a rubuta. Tsakanin 1911 da 1914, ta fari ce ƙarama, sai a ɗauke ta. Sa'an nan a gwada 1966 da 1914, a ɗauki 1914. Haka za a yi ta yi har jeri ɗaya ya ƙare, sai a biyo da abin da ya saura. Bayan gwaji biyar ga abin da za a samu: 1911, 1914, 1960, 1966, 1987, 2007.

Yanzu fa abin da ke ɓoye ya fito fili. Sarki Abdurrahman yana kan gado aka haɗa Nijeriya, yana kuma kan gado ta sami 'yanci, gama ya shekara 55 yana sarauta.

Da wannan dabara kwamfuta take jera dubban lambobi. Takan rarraba su ƙanana-ƙanana, sa'an nan ta riƙa gwama su bibbiyu har su koma jeri guda. Wani masanin lissafi a Amurka, John von Neumann, shi ya tsara mata hanyar a 1945.

Tambayoyi
1. A zamanin wane sarki aka kafa Jihar Katsina?
2. A gwama 3, 8, 12 da 5, 9, 20.