Amsar Tambaya: Ina da Haƙƙi a Fanshon Mijina?

Tambaya: Mijina ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, ya rasu ya bar ni da yara biyu. Shekarata 31, ina koyarwa. An ce ba ni da komai a fanshonsa tunda da sauran ƙarfina.

Amsa: Allah Ya jiƙansa, Ya ba ki haƙuri, 'yar'uwa. Wannan magana ba ta da tushe. Dokar fansho ta 2014 ba ta duba shekarun matar mamaci ko albashinta. Kuɗin asusunsa na ritaya na magada ne. Akwai kuma inshorar rai da doka ta wajabta a yi masa, wadda ba ta gaza albashinsa na shekara uku ba. Mata da yawa ba su ma san da ita ba.

Ki je kamfanin da ke riƙe da fanshonsa, ki tafi da takardar shaidar mutuwa da takardar izinin kula da gado daga babbar kotu. Wannan ta biyun ce mai cin lokaci, ki fara nemanta tun yanzu. Ki riƙe takardun asali a hannunki, kwafi kawai za ki bayar. In aka yi ta miki jeka-ka-dawo, ki kai ƙorafi hukumar kula da fansho ta ƙasa, wato PenCom.