Darasin Lissafi da Littafin Bashin Kanti

Wata ranar Asabar bayan La'asar wani Alhaji ya yi mini sallama a ƙofar gida. Ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, kuma kawun wani yaro da na koyar da lissafi shekara uku a babbar sakandare. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam, don Allah wai me kuke koya wa yaran nan? Na ɗauko ɗan ƙanwata na sa shi a kanti, an ce mini ya ci lissafi a WAEC. Wata biyu ke nan, littafin bashi ya gagare shi. In na tambaye shi ribar yau, sai ya ƙirgo mini duk kuɗin da ke cikin durowa."

Na san yaron sarai. Yana cikin waɗanda ke fara ɗaga hannu a aji, kuma babu lissafin kaso cikin ɗari da zan rubuta a allo ya kasa warwarewa. Abin da bai taɓa sani ba shi ne, wannan lissafin na allo shi ne dai wanda ke cikin durowar kawunsa. Tun daga wannan rana na sauya yadda nake shiga aji, kuma dalilin wannan rubutu ke nan.

A da, yaron Bahaushe ba ya zuwa neman ilimin zama da mutane a wani aji. Yaron kanti yana koyon tarbar mai saye, da tayi da sallamawa, da riƙon amana, a gefen maigidansa. Ɗan koyo a maƙera, ko a marinar Ƙofar Mata, yana ganin yadda ake yi wa mai kaya alkawari a cika. Yarinya tana ganin yadda uwarta ke ware uwar kuɗi daga riba a sana'ar cikin gida, da yadda ake zubin adashi. Yau mun kwaso yaro tun yana shekara 6 mun zaunar da shi a benci har ya kai 18: boko da safe, islamiyya da yamma, wani ma har da darasin ƙari da dare. Lokacin da a da yake yi a gefen masu sana'a makaranta ta cinye shi. Don haka abin da kasuwa da gida suke koyarwa ya zama nauyi a wuyanmu mu malamai, ko mun so ko mun ƙi.

Hukuma ba ta jahilci wannan ba. Tsarin 6-3-3-4 da aka fara aiki da shi a 1982 an gina shi ne a kan cewa yaron da ya gama ƙaramar sakandare ya fita da abin yi a hannunsa. An shigo da injuna, amma a makarantu da yawa sun tsufa a cikin akwatunansu, ba wuta, ba wanda zai kunna su. A 2011 hukumar tsara manhaja ta NERDC ta kawo darussan sana'a 34 a babbar sakandare, kowane ɗalibi ya zaɓi ɗaya. Abin da na gani da idona shi ne, makarantu sun fi karkata ga wanda za a iya koyarwa da alli da allo kawai, yara su haddace su rubuta jarrabawa. A 2025 gwamnatin tarayya ta rage su zuwa 6, cikinsu har da haɗa wutar sola, ɗinki, kiwo, da gyaran waya da kwamfuta. Zaɓi ne mai kyau, ina kuma fatan a kawo kayan aiki a wannan karon. Amma yaran da ke gabana yau ba za su jira isowar kaya ba, shekara mai zuwa sun fita.

Ga abin da nake yi a darasina, ba tare da na bar manhaja ba. Idan muka zo kan riba da faɗuwa, sai in ce: ka sari turmin atamfa a kan naira 18,000, ka sayar 20,000, nawa ka ci? Aji gaba ɗaya zai amsa, "Dubu biyu, Malam!" Sai in ce to ɗan dako fa? Kuɗin mota daga wajen sari? Leda? Kason hayar kanti na wannan rana? Abin da mai POS ya cire? In kuma mai sayen ya biya rabi ya ce sai ƙarshen wata, a ina za ka rubuta? Nan take aji ke yin tsit, sannan hayaniya ta tashi, domin kusan kowa yana da ɗan kasuwa a gidansu, kowa yana da abin cewa. Daga nan kowane rukuni zai tsaga takarda gida huɗu: abin da ya shigo, abin da ya fita, bashin da ake binka, bashin da kake bi. Wannan takarda ita ce ta gagari ɗalibina a Kwari.

Darasin da ya fi ratsa su shi ne na kuɗin da ke ninkuwa a kan kansa. Nakan sa su lissafa bashin naira 10,000 da ake ɗora wa kashi 10 cikin ɗari kowane wata, ana haɗawa da na baya. A wata 12 ya haura 31,000. Manhajojin ba da bashi sun cika wayoyin yayyensu, don haka sun gane abin da nake nufi ba sai na yi dogon wa'azi a kan riba ba, wadda sun riga sun san hukuncinta daga islamiyya. Sai mu juya ga MMM, wadda ta yi wa mutane alkawarin kashi 30 kowane wata kafin ta rufe asusunsu a Disambar 2016. Da hannunsu za su gano cewa 10,000 za ta koma sama da 230,000 a shekara guda. Sai in tambaya: wace sana'a ce a Kano, daga kasuwar Dawanau har ta Singa, take haifar da wannan? Yaron da ya yi wannan lissafin da kansa da wuya a ja shi cikin irin wannan rami, ko da MMM ta dawo da sabon suna.

Akwai kuma batun magana, wanda ya fi damuna. Ina da ɗalibai, musamman mata, masu kaifin basira, amma in ka ce su miƙe su bayyana yadda suka samo amsa sai kai ya sunkuya, murya ta maƙale. Wasu iyaye na kiran wannan kunya. Kunya ado ce, ban taɓa son a raba 'ya'yanmu da ita ba. Amma yarinyar da za ta zama nas dole ta iya gaya wa likita abin da ta gani a jikin majinyaci, a fili, cikin ladabi. Saboda haka minti biyar na farkon darasina na ɗalibi ne. Mutum ɗaya zai fito ya yi sallama, ya faɗi sunansa, ya warware aikin jiya a allo da bakinsa, da Hausa ko da Turanci, 'yan uwansa su yi masa tambaya. A zangon farko wasu har ƙwalla suke yi. Zuwa zango na uku sai ka ji yarinya ta ce, "Malam, a yi haƙuri, akwai kuskure a layi na biyu," kuma gaskiyarta.

Sai kwamfuta. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya, yanzu tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, amma har yau akwai yaron da ranar jarrabawa ce ranar farko da zai ɗora yatsa a kan madannai. Nakan kawo tawa, su yi layi, kowa ya rubuta sunansa, ya buɗe imel da cikakken suna na mutunci, ya riƙe lambobin sirrinsa da kansa maimakon ya bar wa mai shagon intanet. Muna kuma zama mu gwada sunan da ke kan lambar NIN, wadda JAMB ta wajabta tun 2021, da wanda ke rajistar makaranta. Muhammad a nan, Mohammed a can, ko sunan uba ya koma gurbin sunan kaka: ƙaramin abu ne a ido, amma na ga ya sa yaro zirga-zirgar watanni.

Abokan aikina sukan ce, "Malam, manhaja ta yi yawa, aji ya cika maƙil, ga WAEC a gaba, ina lokacin?" Ban raina maganarsu ba, ni ma cikin ajin nake. Amma ban ƙara ko awa ɗaya a jadawali ba. Misalan kawai na sauya, na kuma rage maganata na ba yara fili. Malamin Turanci zai iya mai da darasin wasiƙa ya zama takardar neman aiki ta gaske. Malamin Hausa zai iya sa su rubuta rahoton taro. Malamin kimiyya zai iya raba aiki a rukuni, ya sa ranar kawowa, ya kuma tsaya a kanta, domin su san alkawarin lokaci amana ne.

Ga iyaye kuwa, roƙona ɗaya ne: a dogon hutu ku kai yaro wajen mai sana'a da kuka amince da shi, ko kanti, ko tela, ko masu gyaran waya a Farm Centre. Ku ba yarinya lissafin cefanen gida na mako guda ta rubuta, ku duba tare da ita.

Shi kuwa ɗalibin nan nawa, na zauna da shi Asabar uku a kantin kawunsa muka tsara littafin. Yanzu shi ke riƙe da shi. Kowace shekara, idan na zo kan riba da faɗuwa da 'yan aji biyu na babbar sakandare, nakan kira shi. Yakan zo da tsohon littafinsa na farko, mai cike da goge-goge, ya buɗe musu shafi-shafi, ya nuna musu inda ya riƙa haɗa kuɗin Alhaji da riba.