Gudummawar Tsofaffin Ɗalibai Wajen Shirya Ɗaliban Kimiyyar Kwamfuta Domin Aiki

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Manufar wannan maƙala ita ce nazarin irin jagorancin da tsofaffin ɗaliban jami'a kan yi wa ƙannensu masu karatun kimiyyar kwamfuta kafin su fita neman aiki. Za a kawo misalai biyu daga ƙasar Amurka, domin a nuna cewa wannan jagoranci ba ya wadatar da ɗalibai sai an yi masa tsari da ƙa'ida.

Wane ne Jagora?

Ya kamata tun farko a bambanta jagora da mutane biyu da suka yi kama da shi, watau malami da ubangida. Malami yana koyarwa, kuma a hannunsa makin ɗalibi yake, saboda haka ba kowane rauni ne ɗalibi zai yarda ya bayyana masa ba. Shi kuwa ubangida, kamar yadda aka sani a sana'o'in Hausawa, yana koya wa yaronsa sana'a, amma yana cin moriyar aikinsa. Jagoran da muke nufi a nan tsohon ɗalibi ne wanda ya zauna a ajin da ƙanensa yake zaune yau, ya fita ya ga yadda aiki yake. Ba ya ba da maki, ba ya kuma jiran riba.

Abin da Aji ba ya Koyarwa

A jami'a, galibi ɗalibi shi kaɗai yake rubuta 'yar manhajarsa, a duba a ba shi maki, daga nan an gama da ita. A wurin aiki kuwa, zai tarar da manhajar da wasu suka rubuta shekaru da dama kafin zuwansa, a ce ya gyara wani sashe ba tare da ya ɓata sauran ba. Zai yi aiki da Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙiro a 2005 domin mutane da yawa su haɗu a kan aiki ɗaya, kuma ba za a karɓi abin da ya rubuta ba sai wani abokin aikinsa ya duba. Bugu da ƙari, kamfanoni da yawa kan sa mai neman aiki ya warware matsala a gaban masu tantancewa, yana yi yana bayani. Wanda ya taɓa zama a wannan kujera shi ya fi cancanta ya shirya na baya.

Misali na Farko: Jami'ar Stanford

Andy Bechtolsheim ɗalibin digiri na uku ne a Stanford, ya bar karatun a 1982 ya shiga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Sun Microsystems. A watan Agusta na 1998, wani malamin sashen kwamfuta, David Cheriton, ya haɗa shi da ɗalibai biyu, Larry Page da Sergey Brin, suka nuna masa manhajarsu ta bincike a intanet. Nan take ya rubuta musu cekin dala 100,000 da sunan kamfanin Google, alhali ba a ma yi wa kamfanin rajista ba sai ranar 4 ga Satumba. Haƙiƙa idon tsohon hannu ne ya gane darajar aikin. Sai dai kuma a lura da abu biyu. Na farko, sanayya ce ta haɗa su, domin Cheriton da Bechtolsheim sun taɓa kafa kamfani tare a 1995. Na biyu, jari ya zuba, ba kyauta ya bayar ba.

Misali na Biyu: Cibiyar MIT

A shekarar 2000, wani tsohon ɗalibin cibiyar fasaha ta MIT, Alec Dingee, da wani malaminta, David Staelin, suka kafa shirin jagoranci ga ɗalibai da ma'aikata masu son kafa kamfani, ciki har da na fannin kwamfuta. Jagororin 'yan sa-kai ne, da yawansu tsofaffin ɗalibai. Ba a haɗa ɗalibi da jagora ɗaya, sai da ƙungiyar jagorori, domin kada ra'ayin mutum guda ya rinjaye shi. An wajabta musu riƙe sirrin ɗalibi, an kuma hana su zuba jari a kamfanin da suke yi wa jagora. Ta haka ɗalibi yakan samu natsuwar cewa shawarar da aka ba shi don amfaninsa ce.

Kammalawa

In aka auna misalan nan biyu, za a ga cewa na farko ya dogara ne a kan sa'a da sanayya, kuma mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya. Ɗalibin da ba shi da kowa fa? Na biyun shi ya amsa wannan tambaya, domin ya buɗe ƙofa ga kowa, ya kuma kare ɗalibi daga son zuciyar jagoransa. A jami'o'in Nijeriya akwai shirin SIWES, wanda hukumar ITF ta soma a 1973, inda ɗaliban kimiyya da fasaha kan je koyon aiki a ma'aikatu. Sau da yawa ɗalibi da kansa yake fafutukar neman gurbin, a nan ma sanayya takan yi tasiri. Da sassan kwamfuta za su riƙe sunayen tsofaffin ɗalibansu, su raba musu ƙannensu tun daga aji biyu bisa rubutacciyar ƙa'ida, da ɗan talaka da ɗan mai hali sun fita neman aiki da shiri iri ɗaya.