Yadda Ake Yankan Kaba Ba a Kashe Goruba Ba

Idan Babbar Sallah ta matso, a unguwarmu ta Dar es Salam da ke Yamai ba ka taka goma ba ka ci karo da kaba ba. Ga ta a wuyan ragon da yaro ke ja, ga ta a faifan da uwar gida ke bakace da shi, ga ta a tabarmar da dattawa ke shimfiɗawa ƙofar gida bayan la'asar. Daga kwarurruka irin su Dallol Bosso da Gulbin Kaba, wanda ya ratsa ƙasar Tasawa da Mayahi a jihar Maraɗi, ake ɗoro ta a mota. Abin da gora take yi wa mutanen Habasha da na Sin, shi kaba take yi mana. Sai dai wanda ya je waɗannan wurare ya san abin da ke tayar da hankali: kaba ta cika gonaki iya gwiwa, manyan gorubobi kuwa sai tsofaffi jefi-jefi. Kaba ai ƴar goruba ce. Yawan yanka ne ya hana ta miƙewa, shekara da shekaru tana durƙushe. Ga mai gona a ƙauye, da ɗan'uwansa na birni da ke aika masa kuɗin aiki, ga yadda za a ci amfaninta ita ma ta rayu.

Fara da zagayen gona bayan an kwashe hatsi, lokacin da ido ke ganin ƙasa. Kaba ba ta fitowa ɗaya-ɗaya, gungu take yi, tsiro da yawa a tushe guda. A kowane gungu duba tsiro ɗaya ko biyu da suka fi kauri da miƙewa, ka ɗaura musu ƙyalle ja ko ka kafa turke kusa da su. Daga ranar sun fita daga lissafin yanka. Ko nawa za a ba ka, ko buƙata ta matsa, wuƙa ba ta taɓa su. Wannan shi ne ginshiƙin aikin duka, kuma shi ne mafi wuya, domin tsiron da ya fi kyau shi ne hannu ke fara kaiwa gare shi. Dabarar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Maraɗi. Tun 1983 Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya fara aiki da manoman yankin kan barin tsiron kututture ya girma maimakon a sassabe shi, kuma da wannan hanya aka farfaɗo da itatuwa kusan miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a Nijar. Abin da dabarar ta yi wa gawo da kalgo za ta yi wa goruba.

Sauran tsiron kuma su ne na yanka, amma da ƙa'ida. Wasa wuƙarka ta yi kaifi sosai, domin dakusasshiya fizga take yi, ta yage abin da bai kamata ba. Masu saƙa sun fi son ganyen tsakiya wanda bai gama buɗewa ba, saboda laushinsa da haskensa, to amma a gindinsa ne ran tsiron yake. Yanke shi daga sama, kada ka cusa wuƙa cikin zuciyar don neman ƙarin tsawon ɗan yatsa. Na sha ganin tsiron da aka yi wa haka: tsakiyarsa ta yi baƙi, ta ruɓe, ganyen gefe suna nan kore kamar ba komai, bayan wata biyu sai su bushe. Kada kuma ka tsiraita tsiro. Bar masa koren ganye da zai ci rana da su, kuma idan ka ɗauki na tsakiya yau, ƙyale wanda zai biyo baya ya buɗe. Kula da ƙayar da ke jikin sandar ganyen, tana da lanƙwasa, tana yanka hannu.

Idan gonar tana da faɗi, raba ta uku a zuciyarka. Bana ka yanki kashi ɗaya, sauran su huta.

Sai tsaro. Tsiron da ka keɓe yana da maƙiya uku: bakin dabba da rani, wutar sassabe, da wuƙar wani. Na farko, kewaye shi da ƙayar magarya ko aduwa. Na biyu yana hannunka: ka daina tara shara a kan gungun kaba kana cinna wuta. Na ukun ba a maganinsa da ƙaya, sai da magana. Je wurin mai gari tun kafin rani, a tara masu gonaki, da matan da ke zuwa yanka, da makiyayan da ke ratsawa, a yarda cewa tsiro mai alama haramun ne ga kowa, a kuma bar wa matan da ba su da gona hanyar yankan sauran. Wannan na ƙarshe ina roƙon kada a yi wasa da shi. Ga mata da yawa a Gulbin Kaba, kuɗin kaba shi ne gishiri da sabulu da maganin yaro a lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Wanda ya rufe musu ƙofa gaba ɗaya ya zalunce su, kuma da dare za a yanke masa. Doka ma tana tare da mai reno: bayan dokar gandun daji ta 2004, gwamnati ta fitar da wata a Yulin 2020 da ta amince da haƙƙin manomi a kan itacen da ya raina a gonarsa. Duk da haka, sare babbar goruba sai da izinin ma'aikatan gandun daji.

Ganyen da ka yanko, shanya shi a inuwa mai iska, a kan rumfa ko gado, kada ya taɓa ƙasa, domin gara ba ta jira. Rana mai zafi tana busar da shi da sauri amma tana sa shi karyewa. Idan ya bushe ware shi: dogo mai haske na tabarma da faifai da malafa, gajere da mai kauri na igiya da kwando.

A nan ne ribar take shiga ko ta fita. Wanda ya sayar da damin kaba ɗanye ya sayar da guminsa da arha, ya kuma tilasta wa kansa yanka da yawa. Wadda ta tsaga ganyen, ta yayyafa masa ruwa ya yi laushi, ta rina wani da karan dafi ya yi ja, ta saƙa, dami ɗaya ya ba ta abin da uku ba su ba wancan ba. Tabarmar roba ta cika kasuwannin Yamai, gaskiya ne, amma mai saye yana dawowa ga ta kaba idan saƙar ta matse kuma bakin ya ɗinku da kyau. Mai saye a nan yakan ɗaga tabarma ya duba ta da hasken rana. Idan haske ya ratso, sai ya ajiye. Ku haɗu ku goma ko ashirin, ku tara kaya, ku aiko da su mota ɗaya ga amintaccen mutum a kasuwar Katako ko ta unguwa, tun da daga Maraɗi zuwa Yamai ya haura kilomita 600 kuma kuɗin mota kan cinye ribar mutum ɗaya. Ku lura da lokaci: igiya kafin layya, faifai da tabarma mai ado lokacin bukukuwan aure bayan kaka.

Tsiron da ka keɓe zai ɗauki shekaru kafin ya yi gangar jiki ya fara rabuwa biyu kamar yadda goruba ke yi. Sai ta yi fure za ka san ko mace ce ko namiji, domin goruba jinsi biyu ce. Mace ce ke ƴaƴa, amma kada ka sare namijin don ka ga ba ya haihuwa; in babu shi kusa, ita ma ba za ta yi ba. Hana yara kakkaɓe ƴaƴan duka tun suna ɗanye don cin ƙwalshi. Bari su nuna su yi ja, a daka bayan a sami gari na sha da na sayarwa. Ƙodagon da ya rage kada ya tafi murhu duka. Ware kaɗan, jiƙa su kwana biyu ko uku, ka binne su da farkon damina a inda kake son itacen ya tsaya, domin goruba tana fara tura saiwa can ƙasa kafin ta nuna ganye, kuma ba ta son dashe. Kafa turke a wurin, don kada garma ta bi ta kai lokacin noman farko.