Ƙasusuwa da gaɓoɓin jikin mutum

Manomin Guci in zai kafa rumfa, dirkoki yake fara kafawa, sannan ya ɗora kara. In babu dirka, rumfa ba ta tsayuwa. Haka jikin mutum yake: ƙasusuwa ne dirkokinsa. Dukansu a haɗe ana kiransu ƙwarangwal. Amma dirka busasshen icce ce, ƙashi kuwa yana da rai. Yana girma, yana buƙatar abinci, in ya karye kuma yana haɗewa.

1. Yawan ƙasusuwa

Babban mutum yana da ƙashi 206. Na jariri sun fi haka yawa, domin waɗansu suna haɗewa yayin da yake girma. Shi ya sa jinjiri yake da maɗiga: ƙasusuwan kansa ba su gama haɗuwa ba. Maɗiga takan rufe wajen wata 18.

Ƙoƙon kai yana tsare ƙwaƙwalwa. Haƙarƙari 24 ne, 12 a dama, 12 a hagu, suna tsare zuciya da huhu. Ƙashin baya ba guda ba ne, ƙanana ne a jere tun daga wuya har ƙugu. Bakwai daga cikinsu suna wuya. Raƙumin dawa na Kure, kusa da Yamai, shi ma bakwai gare shi, sai dai nasa dogaye ne. Daga wuyan hannu zuwa yatsu akwai ƙashi 27. Ƙashin cinya ya fi kowane tsawo. Mafi ƙanƙanta yana cikin kunne, tsawonsa wajen milimita 3.

A cikin ƙashi akwai ɓargo. A cikin jan ɓargo ake yin jini.

2. Gaɓoɓi

Gaɓa ita ce wurin da ƙashi biyu suka gamu. Gwiwa da gwiwar hannu suna lanƙwasa ta gefe ɗaya, kamar ƙyaure. Kafaɗa da ƙugu suna juyawa ko'ina, kamar taɓarya a cikin turmi. Gaɓoɓin ƙoƙon kan babba ba su motsi ko kaɗan, sai muƙamuƙi kaɗai.

A bakin ƙashi akwai guringuntsi mai santsi, akwai kuma ruwa mai yauƙi da ke hana ƙasusuwa gugar juna. Jijiyoyi masu ƙarfi suna ɗaure su. Nama yana jan ƙashi, sai gaɓa ta motsa. Ta haka mace take daka, manomi yake jan hauya.

3. Abincin ƙashi

Ƙashi yana samun ƙarfi daga wani sinadari mai suna kalsiyam. Ana samunsa a nono, da ganyen zogale, da miyar kuka, da riɗi, da ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu. Hasken rana yana taimakon jiki ya yi amfani da shi. Yaron da bai samu waɗannan ba, ƙafafunsa suna iya yin gwame.

4. Targaɗe, gocewa da karaya

Targaɗe ciwon jijiyar gaɓa ne. Gocewa ita ce ƙashi ya fita daga mazauninsa. Karaya kuwa ƙashin ne da kansa ya tsage ko ya rabu. Yara sukan karye in sun faɗo daga mangwaro, ko jaki, ko amalanke.

A ƙauyukan Dungas da Magarya, mutane da yawa sukan fara zuwa wurin maɗori, ya ɗaure wurin da karare da tsumma. Ɗori yana hana ƙashi motsi, ƙashi kuma shi ke haɗe kansa. Haɗari yana wurin ɗaurin. In an tsananta shi, jini ba ya wucewa. Yatsu sai su kumbura, su yi sanyi, su yi baƙi. In aka yi sakaci, hannu yana ruɓewa har a yanke shi. Da zarar an ga waɗannan alamu, a sassauta ɗaurin, a tafi gidan likita ran nan.

In ƙashi ya huda fata, a rufe raunin da tsumma mai tsabta, kada a tura ƙashin ciki. Wanda ya bugu a wuya ko baya, kada a naɗe shi, a ɗauke shi a miƙe a kan ƙyaure ko allo. A babban asibitin Damagaram ana ɗaukar hoton ƙashi, a ga inda ya karye. Wani Bajamushe, Wilhelm Röntgen, ya gano hasken da ake yin wannan hoto da shi a shekara ta 1895.

Tambayoyi

1. Ƙashi nawa ne a jikin babban mutum?
2. Mene ne bambancin targaɗe da karaya?
3. Waɗanne alamu ke nuna ɗori ya yi tsanani?

Aiki

Kowane ɗalibi ya aza hannunsa a kan allo, ya zagaye shi da alli, ya sa alama a kan kowace gaɓa ta yatsunsa, ya ƙidaya su.