Zuwa ga ƙannena masu buga ches: kada kwarjinin babba ya rufe muku ido

Ina yi muku barka da gajiyar gasar shiyya da aka kammala. Waɗanda suka ɗauki kofi na riga na taya su murna a zauren. Wannan takarda ta sauran ce, musamman waɗanda suka tashi daga gaban allo suna cizon yatsa.

Wasa ɗaya ne ya sa na ɗauki alƙalami, wanda aka buga a zagaye na huɗu. Kun san tsarin Suwis, mai maki da mai maki irin nasa ake haɗawa, saboda haka wanda ya ci uku a jere kan iya tsintar kansa a allo na farko, gaban wanda ya fi kowa lamba. Haka ta faru da wani ɗan sakandare da ba zan kama sunansa ba. Baƙaƙe ne a hannunsa, ya sha matsa tun buɗin wasa, amma ya samu ya kafa dokinsa a d4, soja na tsaronsa daga e5. Sai babban ya ɗauke sarauniya daga d3 ya kai ta c3 yana hararar sojan c7. To ita kaɗai ce ke gadin gidan e2, tana tashi gidan ya zama kango. Doki ya faɗa e2 kawai ake jira: cek ga sarki a g1, ga sarauniya a bakinsa, magana ta ƙare. Yaron nan ko ajiyar zuciya bai yi ba, ya jawo ruk zuwa c8 ya tare sojansa, ya danna agogo, alhali yana da fiye da rabin awa a ajiye. Na ga babban ya ɗan runtse ido, ya tura sarki h1 a hankali kamar ba abin da ya faru. Shi ya ci wasan daga baya.

Ina tsaye a bayansu, amma alƙali ba shi da baki. Da darar gindin bishiya ce da tuni wani ɗan kallo ya yi gyaran murya ko ya taka wa yaron ƙafa. A ches kuwa ko ido ka ƙifta wa mai wasa sai a nuna maka ƙofa.

Kada wani ya ce rashin sani ne. Irin wannan kamun na doki, yaron yana warware shi kullum a Lichess kafin ya gama shan shayi. Sai dai a waya an riga an gaya maka akwai nama a wurin, nema kawai za ka yi. A gasa ba mai gaya maka. Abin da ya rufe masa ido shi ne ya gaskata abokin karawarsa. Ya ɗauka mai irin wannan lamba ba zai bar sarauniya a tsakar hanya ba, don haka da ya ga barazana sai ya ruga tsaro bai ko duba ba.

Ita lambar nan da kuke tsoro, ku san abin da take faɗa. Tsarin Arpad Elo ne, FIDE ta karɓe shi a 1970, kuma bisa lissafinsa wanda ya fi ka da 200 ana sa ran ya kwashe kusan kashi 76 cikin 100 na makin wasanninku. Ragowar kusan kashi ɗaya cikin huɗu naka ne. Daga ina yake fitowa? Daga irin wannan c3 ɗin.

Manya ma ba su tsira ba. A Nuwamba 2014 a Sochi ta Rasha, Viswanathan Anand na Indiya, wanda ya riƙe kambun duniya sau biyar, yana ƙoƙarin ƙwato shi daga Magnus Carlsen na Norway. Sun shiga wasa na shida kunnen doki, biyu da rabi kowanne. Carlsen na danne da shi, sai a motsi na 26 ya kai sarkinsa d2, kuskuren da ya ba dokin Anand damar cin sojan e5, ya bi da cek a c4, ya fita da riba. Anand bai wani daɗe ba ya tura sojansa a4. Yana sakin hannu ya gani, Carlsen ma ya riga ya gani. Anand ya faɗi wasan, ya kuma faɗi gasar. Da 'yan jarida suka tambaye shi, abin da ya nuna shi ne wanda bai sa rai da kyauta ba wani lokaci ko an miƙo ba ya karɓa. Shekara goma bayan haka, ranar 12 ga Disamba 2024 a Singafo, Ding Liren na Sin ya kai ruk f2 a motsi na 55, a wasan da kowa ya gama yanke cewa canjaras ne. Abokin karawarsa Gukesh, ɗan shekara 18, ya tsaya ya sake duba allon, ya yi musayar ruk da bishof, ya zama zakaran duniya.

Ga abin da nake so ku ɗora wa kanku. Duk lokacin da abokin karawa ya saki hannu, kafin ku tambayi abin da yake nema, ku tambayi abin da ya baro. Ɗan da ya tashi daga gida yana gadin wani abu a can, wa ke gadinsa yanzu? Sannan ku bi duk cek ɗin da kuke da shi a allon, har wanda ya yi kama da hauka, sai duk abin da za ku iya ci, sai barazana. Ba ya ɗaukar minti guda. Ku yi shi ko kuna shan wuya, don a lokacin ne mai rinjaye yake sakin jiki. Hannu kuma ya zauna a cinya har kai ya gama, tunda dokar taɓa ɗa a tafi da shi ba ta san nadama ba. Da can malamai kan ce a rubuta motsi a takarda a sake dubawa kafin a buga. Dokar FIDE ta hana wannan yanzu, a ka za ku yi shi.

Ni dai ina ganin wasan minti uku da kuke kwana bugawa a waya yana da hannu a ciki. Ba haramun ba ne, amma yana koya wa yatsa ya riga ido, kuma sauri ya haifi nawa.

Wani abin da ya ɓata mini rai shi ne takardun rubuta wasa da na tarar a ƙarƙashin tebura bayan an watse, wasu an dunƙule su. Wanda ya faɗi wasa ya fi kowa buƙatar takardarsa. Ku roƙi wanda ya ci ku ya zauna ku sake jera 'ya'yan tare, yawancin manyan nan ba sa ƙi. Ku nemo wurin da ta kuɓuce da idonku tukuna, sannan ku kunna Stockfish ya tabbatar. Injin zai nuna muku e2 nan take, amma ba zai gaya muku abin da kuke tsoro lokacin da kuka kai hannu c8 ba. Wannan ku za ku rubuta a gefen takardar, ku zo mini da ita ranar atisaye mu duba.

Ku gaida iyayenku da malamanku da suka kawo ku.

Wassalam,
Yayanku, alƙalin gasar.